Tsara tsofaffin bidiyon gida a faifan DVD: yaya za a raba babi-babi da shafin zaɓi?

Baban Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin haɗa bidiyo. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mun buɗe akwatinsa a gidanmu na Gwammaja, muka tarar da kaset ɗin bidiyo guda tara. A ciki akwai bikin yayata, da sunan ɗana na fari, da walimar saukar Alƙur'ani ta ƙannenmu biyu, da rakiyarsa zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano a shekarar da ya sauke farali, da Hawan Daushe da wani ɗan'uwanmu ya ɗauka daga saman bene. Na kai an juye su zuwa kwamfuta kuma sun fito lafiya, sai dai kowane kaset ya zama fayil guda, wasu sun kusa awa uku.

Hajiya mahaifiyarmu ba ta riƙe babbar waya. Na'urar DVD ce a ɗakinta, kuma maɓallai uku ko huɗu kawai ta sani a jikin rimot. Abin da take nema kullum shi ne wurin da Baba yake addu'a a ranar walima, wanda yake can tsakiyar kaset, sai jikoki su yi ta turawa gaba suna wuce shi, su dawo baya su sake wucewa, har ta ce a bari. Ina so in yi mata faifan da za ta danna sau ɗaya ko sau biyu ta isa wurin da take so da kanta. Ta ina zan fara, kuma yaya ake yanke shawarar inda kowane babi zai soma?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba, ya sa aljanna ce makomarsa. Wannan ita ce sana'ata tun lokacin da faifan VCD ke tashe a Ƙofar Wambai, don haka bari in fara da abin da zai sauƙaƙa maka sauran aikin. Faifan DVD yana da matakai biyu na rabo. Na farko shi ne kashi, wato bidiyo cikakke mai farko da ƙarshe, kamar a ce walimar sauka gaba ɗayanta. Na biyu shi ne babi, wanda alama ce kawai da ake dasawa a cikin kashin, ba tare da an yanka bidiyon ba, domin idan an danna maɓallin tsallake a rimot na'ura ta san inda za ta dira. Faifai ɗaya yana ɗaukar kashi har 99, kuma manhajojin da muke amfani da su suna ba ka babi har 99 a kowane kashi, saboda haka adadi ba zai taɓa zama matsalarka ba. Shafin zaɓi kuma, wanda muke kira menu a shago, hoto ne da aka ɗora wa maɓallai, kowane maɓalli yana nuni zuwa wani kashi ko wani babi.

Inda za ka yi lissafi shi ne wurin da faifan zai iya ɗauka. Faifai na yau da kullum gigabait 4.7 aka rubuta a jikinsa, kwamfuta kuma za ta nuna maka kusan 4.38, kada ka ɗauka an cuce ka, bambancin yadda ake ƙirga ne. Awa biyu tana shiga da kyau, domin kowace daƙiƙa za ta samu kusan megabit 5. Idan ka cusa awa uku sai rabon ya sauko ƙasa da uku da rabi, kuma a bidiyon taro mai yawan motsi, irin na hawan Sallah da dawakai da ƙura, nan take za ka ga hoto yana farfashewa murabba'i-murabba'i. Akwai faifai mai hawa biyu na gigabait 8.5, amma tsofaffin na'urori suna yawan yin gardama da shi, ban ba ka shawararsa ba ga na'urar Hajiya. Shawarata ita ce kada ka bi tsarin kaset, ka bi tsarin taro: taro ɗaya, kashi ɗaya.

Injiniya Lawan:
Allah ya jiƙan Baba. Ni kam ina ganin za a wahalar da kai ne a kan abin da manhaja za ta yi cikin daƙiƙa kaɗan. Manhajojin haɗa faifai na DVDStyler da DVD Flick duk kyauta suke, kuma kowacce za ka iya ce mata ta dasa babi duk bayan minti biyar ko goma, shi ke nan. Kaset tara masu tsawon awa biyu zuwa uku sun haura awa ashirin, wa zai zauna ya kalli awa ashirin yana rubuta lokaci a takarda? Bugu da ƙari, in gaskiya za a faɗa, zamanin DVD ya wuce. Microsoft ta cire manhajarta ta haɗa faifai tun daga Windows 8, Adobe ma ta daina fitar da tata, Encore, bayan sigar CS6, sabbin kwamfutocin hannu da ake sayarwa a Beirut Road ma yawancinsu ba su da wurin sa faifai. Ka zuba fayil-fayil ɗin a filashi, ka saya wa Hajiya talabijin mai karɓar filashi, ka huta.

Baban Sadiya:
Injiniya, na gode, kuma na san maganarka gaskiya ce ta fuskar inda duniya ta dosa. Amma mun gwada filashi. Talabijin yana nuna jerin sunayen fayil da ƙananan haruffa, sai an shiga wannan jaka a fita waccan, kuma idan ta danna abin da ba shi ba sai ta kira yaro. Faifai kuwa ta san shi: ta ɗauko, ta saka, ya tashi. Shekarunta sun haura saba'in, ba na son in ɗora mata koyon sabon abu domin ta ga mijinta.

Malam Habu:
Injiniya, babin minti biyar-biyar yana da amfani a wuri ɗaya, wato bidiyon da ba shi da gaɓoɓi, kamar Hawan Daushe ɗin nan da aka ɗauka daga bene, inda tawaga ke bin tawaga. A can ka sa na atomatik, babu laifi. Amma walima tana da gaɓoɓi da kowa a gidan ya sani: isowar baƙi, karatun ɗalibai, jawabin malamin makaranta, addu'ar mahaifi, rabon abinci. Idan manhaja ta dasa alama a minti na 65 alhali Baba ya ɗaga hannu a minti na 62, to Hajiya za ta riƙa dira a tsakiyar addu'a ne, kuma matsalar da aka kawo nan ba ta warware ba ke nan. Kuma ba sai an kalli awa ashirin a zaune ba. Ka buɗe fayil a manhajar kallon bidiyo ta VLC, ka ninka gudunsa, ka riƙe biro da takarda, duk inda taro ya sauya ka tsaya ka rubuta awa da minti da daƙiƙa. Kaset ɗaya ba zai ci maka fiye da zama ɗaya bayan sallar isha'i ba.

Wata dabara da na koya da wahala ita ce a dasa alamar daƙiƙa biyu ko uku kafin abin ya fara. Dalili kuwa, bidiyon DVD ana matse shi ne rukuni-rukuni, kowane rukuni bai wuce hoto 15 ba a tsarin talabijin na PAL da muke amfani da shi a Najeriya, wato ɗan sama da rabin daƙiƙa, kuma babi ba ya iya farawa sai a kan hoton farko na rukuni. Don haka manhaja takan ɗan gusar da alamarka gaba ko baya. Ga shi kuma wasu talabijin suna jinkirin buɗe murya bayan tsallake. Idan ka dasa daidai kan bakin magana, sai a rasa bisimillar da aka buɗe addu'a da ita, alhali ita ce kunne ke jira.

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan Baba, ya ba Hajiya haƙuri. Ni ba masaniyar kwamfuta ba ce, amma akwai abin da ban ji an taɓo ba, kuma ya taɓa faruwa a gidanmu. Bikin yayarka da ka ambata ba ɗaurin aure ne kaɗai ba. Akwai kamu, akwai wunin lalle, akwai yinin biki, akwai buɗar kai, kuma waɗannan taron mata ne, an ɗauke su a cikin gida, mata sun saki jiki, wasu ba mayafi, wasu suna rawa. Lokacin bikin ƙanwata wani mai shago ya haɗa mana komai a faifai guda da maɓallin "kunna duka". Ranar da abokan mijinta suka zo, aka sa musu ɗaurin aure su gani, yana ƙarewa sai ga wunin lalle ya biyo baya a gaban maza cike da falo. Har yau akwai gwaggonmu da ba ta yafe wannan ba. Matan da ke cikin kaset ɗinku yanzu wasu matan aure ne, wasu sun zama kakanni, wasu sun rasu. Ina roƙonka ka yi tunanin wannan kafin ka zana ko da maɓalli ɗaya.

Baban Sadiya:
Wallahi Maman Khalifa ban kawo wannan a raina ba, Allah ya saka miki da alheri. Malam Habu, shin idan na sa taron mata a kashi daban, na cire shi daga "kunna duka", na ba shi shafinsa can ciki, hakan ya wadatar?

Malam Habu:
Ya rage haɗari, amma bai wadatar ba, kuma gara in faɗa maka a fili. Gaskiya ne a DVDStyler kana iya umartar kowane kashi da abin da zai yi idan ya ƙare, ko ya koma shafin zaɓi ko ya wuce kashi na gaba, kuma wancan mai shagon da Maman Khalifa ta ambata barin sa ya yi a kan wucewa gaba. Amma shafin zaɓi alama ce ta hanya, ba ƙofa ce mai kwaɗo ba. Rimot da yawa suna da maɓallin nema da ake buga lambar kashi a tafi kai tsaye. Wanda kuma ya sa faifan a kwamfuta zai ga jaka mai suna VIDEO_TS, a ciki akwai fayil-fayil na VOB, kowanne bai wuce gigabait ɗaya ba, kuma duk wanda ya danna zai buɗe ba tare da ya bi ta shafin zaɓi ba. Abin da nake yi wa masu biki yanzu shi ne faifai biyu: na ɗaurin aure da walimar maza, wanda za a iya ba kowa aro, da na cikin gida, wanda nake miƙa wa uwar amarya hannu da hannu.

Yaya Tijjani:
Ni ban gamsu da raba faifan ba. Biki abu guda ne mai jerin kwanaki, kuma daɗin kallonsa shi ne a bi shi yadda ya gudana, daga kamu har a kai amarya. Idan aka tsinka shi gida biyu, nan da shekara ashirin faifai ɗaya zai ɓace, jikoki su ga rabin labari. Kuma wannan faifan na ɗakin Hajiya ne, ba kasuwa za a kai shi ba. Su waye za su shiga ɗakin tsohuwa in ba 'ya'yanta da jikokinta ba?

Maman Khalifa:
Yaya, surukai suna shiga gaisuwa, 'ya'yan maƙwabta suna shiga, kuma faifai ba ya zama inda aka ajiye shi. Yau a ɗakin Hajiya yake, gobe wata ta ara ta kai Kurna, jibi yaro ya juye a waya, daga nan kuma babu wanda ya san inda zai tsaya. Matan da aka ɗauka a wancan lokacin sun yarda ne domin sun san kaset ɗaya ne yana cikin akwatin mai gida. Ba su yarda da abin da za a kwafa cikin minti goma ba. Maganar jerin kwanaki kuwa ai ba a rasa ta ba, sai a rubuta "na ɗaya" da "na biyu" a jikin faifan, a sa su a gida ɗaya mai ɗaukar faifai biyu.

Yaya Tijjani:
Na ji hujjar juyewa a waya, kuma ita ce ta fi ƙarfi a wurina. Amma ina nan a kan cewa a ajiye cikakken bikin a jere a wuri guda, ko da a kwamfutar Baban Sadiya ne kaɗai, domin kada tsarin asali ya salwanta.

Malama Binta:
Assalamu alaikum. Ina so in yi magana a kan sunayen babi, domin a nan ne nake ganin aikin zai amfani waɗanda ba a haifa ba tukuna. "Babi na 1, Babi na 2" ba ya gaya wa kowa komai. A rubuta "Addu'ar Baba", "Karatun ɗalibai", "Isowar dangin ango daga Bichi", in dai daga can suka zo. A babban shafi kuma a sa sunan taron da shekararsa da unguwar da aka yi shi, da miladiyya da hijiriyya idan an sani. Kuma tun da Hajiya tana raye, Allah ya ƙara mata lafiya, ka zauna da ita lokacin da kake rubuta lokutan nan, domin ita ce za ta ce maka wancan dattijon mai farar hula ƙanin kakanku ne, waccan kuma ita ta yi mini wankan jego da na haife ka. Idan ba a tambaye ta yanzu ba, fuskokin za su zama baƙi ga jikoki. Sunayen da ba za su shiga shafin zaɓi ba sai a buga su a takarda a sa a cikin gidan faifan.

Sai batun haruffa masu lanƙwasa. Na sha ganin faifan da aka rubuta "daurin aure" da "saukar Alkur'ani", ko kuma wani ɗan akwati ya fito a madadin ƙ da ɗ da ɓ. Laifin salon haruffan da aka zaɓa ne, ba na faifai ba. Noto Sans da Charis SIL suna da su duka, kuma kyauta ake sauke su. Idan kuma Hajiya ta fi sakin jiki da ajami a kan boko, kamar yawancin iyayenmu da suka yi makarantar allo, me zai hana a rubuta mata da ajami?

Malam Habu:
Malama ta kawo magana mai kyau, kuma babu abin da zai hana. Rubutun shafin zaɓi hoto yake zama kafin ya hau faifai, na'ura ba karanta shi take yi ba, don haka ko da hannu aka rubuta ajami a farar takarda aka ɗauki hotonsa, zai hau. Ga Hajiya ma na fi son kowane maɓalli ya kasance da ɗan hoto daga cikin babin, a ga Baba ya ɗaga hannu, sai rubutu a ƙasa.

Ƙa'idar DVD ta yarda da maɓalli har 36 a shafi ɗaya, amma kada ka wuce huɗu, iyaka shida, manya-manya, a jere daga sama zuwa ƙasa domin kibiya biyu kawai za ta riƙa dannawa. Ka nisanci gefen allo da kusan kashi goma cikin ɗari ta kowane ɓangare, saboda tsohon talabijin mai ƙeya yana cinye gefuna, rubutun da ka gani lafiya a kwamfuta sai ka tarar an yanke masa kai. Hasken da ke nuna maɓallin da aka tsaya a kai launuka huɗu kacal yake da su, don haka ka zaɓi mai ƙarfi kamar rawaya a kan shuɗi mai duhu, wanda idon tsoho zai gani daga kan gado. Ka kuma sa maɓallin addu'ar Baba ya zama shi ne wanda haske ke kansa da zarar faifai ya tashi, ta yadda dannawa ɗaya ta isa.

Abu na ƙarshe a kan shafin, wanda nake yawan jayayya da abokan sana'a a kansa: kada ka sa karatun Alƙur'ani a matsayin sautin da ke tashi a bayan shafin zaɓi. Sautin shafi yana zagayowa ne duk bayan 'yan daƙiƙoƙi, kuma duk lokacin da aka danna maɓalli yankewa yake yi nan take, ko da a tsakiyar aya ne. Ka bar shafin shiru, ya fi.

Baban Sadiya:
Na fahimta sosai. Saura tambaya ɗaya. Akwai 'yan bidiyon Baba na shekarunsa na ƙarshe da muka ɗauka da waya, yawanci a tsaye aka riƙe wayar. Zan iya haɗa su da na kaset a faifai ɗaya?

Injiniya Lawan:
Za ka iya, amma ka ba su nasu kashin. Na kaset fasalinsu 4:3 ne, na waya kuma dogaye ne a tsaye, don haka za su fito da baƙin fili dama da hagu. Ka bar su haka, kada ka yarda manhaja ta miƙe su domin cika allo, fuska za ta baje. Sannan wayoyi da yawa suna ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, PAL kuma 25 ne a girman 720 da 576, saboda haka za ka iya ganin ɗan tsalle a motsi bayan an juya, ba lalacewa ba ce. Ka zaɓi PAL tun farkon aikin, domin faifai ɗaya ba a gauraya masa PAL da NTSC na Amurka.

Na sauka daga maganar filashi saboda Hajiya, amma ba zan sauka daga wannan ba: faifan da aka buga a gida ba ma'ajiya ba ce ta dindindin. Rini ne a cikinsa wanda zafi da hasken rana ke lalatawa, kuma mun san yadda ɗakin kwano yake a Kano a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke karce shi. Ka ajiye fayil-fayil na asali yadda aka juye su, a wuri biyu, ɗaya a gidanka ɗaya a gidan wani ɗan'uwa, wannan kuma ya biya buƙatar Yaya Tijjani. Ka sa manhajar ta fitar maka da ISO na kowane faifai, wato kwafinsa cikakke har da shafin zaɓi, ta yadda idan ya karce sai ka buga sabo da manhajar ImgBurn cikin 'yan mintuna. Kuma wahalar da ka sha ta rubuta lokutan babi ba za ta tafi a banza ba idan na'urar ta mutu, domin manhajar HandBrake tana juya faifai zuwa fayil ɗin bidiyo na MKV ko MP4 tare da alamomin babinsa.

Malam Habu:
Duk na yarda da Injiniya a nan. Ka sayi DVD-R, ya fi jituwa da tsofaffin na'urori, ka buga shi a gudu maras yawa, ka rubuta suna da alƙalami mai taushin baki, kada ka manna masa takarda domin tana ɓamɓarewa a zafi ta hana shi juyawa daidai. Kuma ka fara da faifai ɗaya tak, ka kai ɗakin Hajiya ka gwada a na'urarta da rimot ɗinta kafin ka taɓa sauran.

Baban Sadiya:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani bayan kwana tara. Na fara da walimar sauka, awa ɗaya da minti arba'in, babi bakwai, amma maɓalli huɗu kawai na sa a shafin farko, da boko da ajami da ƙanina ya rubuta da tawada. A gwajin farko maɓallin ƙasa ya shige gefen talabijin kamar yadda Malam Habu ya faɗa, sai na matso da shi na sake bugawa. Jiya bayan la'asar Hajiya ta saka faifan da hannunta, ta danna sau ɗaya, addu'ar ta fara tun daga bisimilla, ta saurara har ƙarshe ta shafa. Daga nan ta sa na tsayar da hoton a wurin rabon abinci, ta faɗa mini sunayen mutum goma sha ɗaya da ban sani ba, na rubuta su. Bikin yayata zan raba shi faifai biyu, kuma ita yayar tawa ta ce ita za ta zauna ta zaɓi inda babin na cikin gida za su fara, ni kuma in dasa alamomin daga lokutan da ta rubuto mini.